Yadda Za Ki Gano Abin da Ke Kashe Matatar Ruwan Gidanku Ba Tare da Kin Ɗaga Murya Ba

Idan ke ma kin dawo daga jami'a kin sa Baba ya sayar da ragonsa ya sayi matatar ruwa, mai shago ya ce sai ta yi wata shida kafin ta gaji, ta gaji a sati uku, to ki bi matakan nan. Ina ba ki tabbacin za ki gano dalili. Ni a gidanmu na Ƙanƙara na gwada su.

1. Ki tabbatar ta gaji. A cikin tulunta akwai rezin, wasu ƙwayoyi kamar ƙwan kifi masu kama zartsin ruwan burtsatse. In sun ƙoshi, sabulu zai daina kumfa, butar shayi ta yi farin ɓawo. Ki kankare butar a ɓoye. Gwani ba ya barin shaida.

2. Ki ƙirga jarkoki. Takardar matatar ta ce ta gida mai mutum takwas ce. Ki leƙa ta taga. Ni na ga jarka talatin da ɗaya na 'yan unguwa a layi. Hajiya Suwaibatu maƙwabciyarmu ta hango ni ta ce, "'Yar boko, ruwan naku wake yake dafawa kamar wasa!" Kada ki hana kowa, ba a hana ruwa. Ki ce, "Allah sarki, Hajiya," ki taya ta ɗauka.

3. Ki duba buhun gishiri. Da ruwan gishiri ake wanke ƙwayoyin su farfaɗo. In kin tarar da kanwa a buhun, Kawu Gide ne ya kai wa shanunsa gishirin. Zai ce miki, "Yo kanwa ba ta fi ƙarfi ba? Mi kuka karanta can?" Ki kalli ƙasa.

4. Ki shirya gaya wa Baba matatar ta gaji. Ki yi gwaji gaban madubi kwana huɗu. Ki kai masa shayi, ki durƙusa, ki ce, "Baba... sukari ya ji?" Ki fita.

5. Ki sake komawa. Wannan karon ki rufe ido ki faɗa gaba ɗaya. Nawa Baban ajiye kofi ya yi ya ce, "Ɗiyata, ai tun sati biyu na sani, shayi ya gaya mani. Duk unguwa sun sani. Ni na roƙe su su ci gaba da kawo jarkoki, kada ki ji kunya."

Ki yi godiya. Ki je ki sayo gishiri, ki ɓoye shi ƙarƙashin gado.

Gargaɗi: Ba ruwana in shanun Kawu sun rame, ko waken Hajiya ya ƙi nuna. Mai ƙorafi ya same ni a gida. Za a ce masa ba na nan, ina bayan ƙofa ina ji.