Ƙofar 'Yar Boko

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da aka kawo ƙofar ɗakin Yaya Habu ba, ko da na so in manta. Ƙofar tana nan a gidanmu na Toranke, duk baƙon da ya shigo sai ya ɗaga kai ya dube ta.

Lokacin ina aji uku na ƙaramar sakandare, saura 'yan makonni mu zauna jarrabawar fita. Malamin lissafi ya kafa mana ƙahon zuƙa a kan sauya awo. Tsani ya zana a allo, milimita a ƙasa, sai sentimita, sai desimita, sai mita, ya ce in za ka hau mataki ka raba da goma, in za ka sauko ka ninka da goma. Na haddace tsanin nan tsaf, kaina ya kumbura. Ko dusa Inna ta ce in ɗebo wa awaki, sai na tambaye ta giram nawa. (Ta ce in ban kiyaye ta ba, za ta auna min muciya a gadon baya.)

Baba bai yi boko ba, amma ba abin da yake so irin ya ji ina karanto lambobi. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa yake kirana Uwata. In ya dawo daga gona ya zauna a gindin darbejiya, sai ya ce, "Uwata, yau me aka koya mana?" Mana fa yake cewa, kamar tare muka je. Ƙaninsa Baffa Sale kuwa kullum cewa yake karatun nan cinye takalmi kawai yake yi. Baba sai ya yi murmushi ya ce a bar shi da uwarsa.

Ana saura kwana goma a kawo amaryar Yaya Habu, an gama ginin ɗaki, an yi yaɓe, ƙofa kaɗai ta rage. Baba ya sayar da ragon da ya yi wata shida yana kiwo, ya ce ta ƙarfe za a yo a Gaya. A garinmu in za a je wurin mai walda ba a neman lamba. Karan dawa biyu ake samu, a yanke ɗaya daidai tsawon bakin ƙofa, ɗaya daidai faɗi, a ɗaura a bayan babur a kai masa. Baba ya yanke nasa yana ɗaure su da igiya, sai ga ni da rula a hannu.

"Haba Baba, kara? A gidan da ake da 'yar aji uku?"

Ya dube ni, ya dubi karan, ya ce, "Yo to Uwata, ya za a yi?"

Na ce ya bar min. Na auna tsawo, sentimita ɗari da tamanin, faɗi saba'in da biyar. Yaya Habu ya ce ai masu walda da ƙafa da inci suke aiki. Na ce wannan ai shan ruwa ne. Na raba da biyu da rabi, na sami inci saba'in da biyu da kuma inci talatin. Har nan ban yi kuskure ba, a shaide ni. Sai na zo mayar da inci ƙafa, na hau tsanin malam, na raba da goma. Na rubuta da kyakkyawan rubutuna: tsawo ƙafa bakwai da inci biyu, faɗi ƙafa uku. (Rular da ke hannuna, da na juya bayanta, da ta faɗa min gaskiya. Ban juya ba.)

Baba ya ninke takardar ya sa a cikin hularsa. Karan nan kuwa ya shiga da su ɗaki.

Ranar Laraba bayan la'asar, jibi ke nan a kawo amarya, gida ya cika. Mata na daka, maza na zaune a kan tabarmi, sai ga kurkurar ɗaukar kaya ta tsaya, mai walda ya sauko da kansa don ya kafa. Na fito na tsaya inda kowa zai gan ni. Mutum huɗu suka ciccibi ƙofar suka jingina ta a bakin ɗakin. Ta rufe bakin ƙofar ruf, ta haye bango ta gefe, kanta ya wuce azara yana neman rufin kwano.

Tabarya ta tsaya. Baffa Sale ya miƙe ya zagaya ta, hannu a baya, ya ce, "Yaya, da raƙumi amaryar za ta tare ne?"

Mai walda ya ce, "Wallahi na faɗa wa Baba, na ce wannan awon na ƙofar masallaci ne. Ya ce in yi abin da ke takarda, wadda ta rubuta ta fi mu sani." Ya waiwaya ya tambayi wanda ya rubuta, aka nuna ni. "Malama, ƙafa ɗaya inci nawa ce?"

Da na yi shiru da na tsira da ɗan mutunci. Amma na buɗe baki da ƙarfi na ce, "Goma mana."

Har tsohuwar da ba ta taɓa ganin ƙofar aji ba sai da ta ce, "Sha biyu ce, 'yar nan." Aka kwashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma ba dariyar ce ta fi ci min rai ba. Maganar mai waldan ce, wai ta fi mu sani. Ga rago ya tafi, ga shi mai waldan ya ce in aka mayar da ƙofar Gaya a yanke, ba za ta samu kafin Juma'a ba. Ɗakin amarya ba ƙofa, ai abin faɗa ya samu har jikoki.

Baba bai dube ni ba, kuma na san don kada in fashe da kuka ne. Ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce, "A kira min magini. Ƙofar Uwata ba za a taɓa ta ba, ɗakin ne ya yi mata kaɗan."

Yinin Alhamis guda suka yi suna sarar bango, suka ɗaga azara. Da idona na ga Baba da furfurarsa yana ɗauko kwaɓaɓɓiyar ƙasa a ka. Amarya ta shiga ranar Juma'a yaɓe bai bushe ba, 'yan rakiya suka koma da jar ƙasa a mayafi. Tun daga ranar unguwa take kiran ƙofar da suna ƙofar 'yar boko.

Bai taɓa tayar min da zancen ba. Sai safiyar jarrabawar lissafi, ina sa takalmi, ya leƙo ya ce a hankali, "Uwata, sha biyu ce fa." (Tambayar ƙafa da inci ko ɗaya ba ta fito ba.)

Yanzu ni ce nake koyar da lissafi a Gaya, ni nake zana wa 'yan aji uku tsanin. Baba ya rasu shekara huɗu ke nan, Allah Ya jiƙansa. Da muka zo gyara ɗakinsa, na sami karan nan biyu a soke a rufi, da igiyarsu. Da ya ga dama ya haɗa su da takardata ya kai Gaya, ba wanda zai sani. Bai yi ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar Larabar. Ina kewarsa ƙwarai. Har yau nakan taso daga makaranta da amsar "yau me aka koya mana" a bakina, babu mai tambaya.

Duk shekara in jarrabawa ta matso, nakan shiga aji da karan a hannu. Ina gaya wa ɗalibaina cewa ba kowane tsani ake hawa da goma ba, su riƙa juya bayan rula. Kuma in dattijo ya yanke kara, ko digiri gare ka, ka taya shi ɗaurawa a babur, don ba kowa ne yake da uban da zai sare masa bango ba.