Ranar da Na Nome Akwatin Kifin Bature

Zamanin da gyaɗa ke tashe, ni ne mai ban-ruwan lambu a gidan wani Bature mai awon gyaɗa a Gwarzo. A falonsa akwai akwatin gilashi cike da ruwa, da 'yan kifaye jajaye, da tsirrai a ciki. Da zai tafi Kano, sai ya nuna mini gansakukar da ta fara kama gilashin, ya ce in kula.

Kukun gidan, Malam Sule, ya ce, "Goge ta da tsumma kawai, ka bar akwatin a inuwa."

Na ce, "Haba Malam! Ni da na tashi da fartanya a Garo, ciyawa za a koya mini?"

Na ja akwatin bakin taga don rana ta ƙone ta. Kwana huɗu ruwan ya koma kamar miyar kuka. Sai na naɗe hannun riga, na tuge duk wani abu kore, na barbaɗa toka kada ya sake tsirowa. Kafin la'asar kifayen sun juyo da cikinsu sama.

Da Baturen ya dawo bai yi faɗa ba. Ya dubi akwatin, ya ce marigayiyar matarsa ce ta dasa tsirran. Washegari aka sallame ni.

Har yau in na ratsa kasuwar Kabo, sai masu soya kifi su rufe farantansu, suna cewa, "A ɓoye kaya, ga Sarkin Noman Ruwa nan!"