Iskar da na rage wa tayoyi

Shekarar da aka fara siyasar jam'iyyu, saƙo ya iso Gidan Sori cewa ƙanen kakana ya rasu a Madawa, ana jiran Kaka kafin a binne. Na fiddo babur don in kai shi, na ɗaure jarkar mai, na rage iskar tayoyi kamar yadda muka saba saboda yashi.

Bakaniken garinmu ya ce, "Kwalta fa za ka hau."

Na ce, "Ni za ka koya wa babur?"

Muna wuce Gidan Rumji, tayar baya ta yi zafi ta fashe. A motar shanu muka isa, an riga an watse daga maƙabarta.

Kaka bai zage ni ba. Amma har ya bar duniya, ko tari ya yi sai ya ce, "Kai, ta da babur tun yanzu, ko ka samu jana'izata."