Yadda Za Ka Kwashe Kalmomin Sirrin Gidanku Daga Kan Inna Zuwa Cikin Manhaja

Kai ɗan bokon gidanku, wanda ake nema duk ranar da waya ta ƙi kunnuwa, matso kusa. Idan ka bi matakan nan takwas bi da bi, na ba ka tabbaci ɗari bisa ɗari cewa cikin wata uku kalmomin sirrin danginka kaf za su shige wuri mai tsaro. Tsaron kuwa ba ɓarawo kaɗai zai hana shiga ba, har da ku masu abin. Ban ƙago komai ba. Malam Hadi ne ya gwada, malamin lissafi a wata sakandare a Birnin Kudu, ɗan asalin Basirka, kuma a kan idona aka yi.

Abu ɗaya za ka riƙe a ranka kafin mu fara. Ƙanwarsa Ummussalma, autar gidan, shekara uku tana neman gurbi a makarantar koyon aikin jinya, kuma duk takardunta suna bayan kalmar sirri guda ɗaya.

Mataki na 1: Ka raina tsarin da ka tarar

Kowane gida yana da nasa. A gidan su Hadi tsarin shi ne mahaifiyarsu, Inna Mairama. Ba ta yi boko ba, amma duk wanda ya buɗe imel ko shafin makaranta sai ya kira ta ya ce, "Inna, ga ajiya." Ta maimaita sau biyu, shi ke nan ta zauna. Mutum talatin da ɗaya take riƙe wa. Wayarta ba ta yini shiru: wannan ya manta tasa, wancan ya rikita tasa da ta matarsa. Duk wanda ya kira kuma amsa ɗaya ce, "Gaishe ni tukuna." Shekara tara ba ta ɓatar da harafi ɗaya ba, ba ta taɓa gaya wa wani ta wani ba.

Wannan a idon mai digiri abin kunya ne, kai ma ka ji kunyarsa. Luke, mai shagon kwamfuta da buga takardu a kusa da tasha, shi ya nuna wa Hadi manhajar.

"Malam, kuɗin shekara kawai za ka riƙa biya, ta riƙe muku komai," in ji Luke. "Kalma ɗaya tak za ka haddace, ita ce babban mabuɗi. Amma don Allah ka rubuta ta a wani wuri."

Ka saurari rabin farko na maganar. Gwani ba ya jiran a kai ƙarshen bayani.

Mataki na 2: Ka zaɓi mutum shida cikin talatin da ɗaya

Za ka tarar manhajar tana da abin da ta kira tsarin iyali, kuma iyali a wurinta mutum shida ne. Waɗanda suka ƙera ta ba su taɓa zuwa suna a Gwaram ɗin su Hadi ba.

Hadi ya kwana uku yana rubuta sunaye yana gogewa. Kafin ya gama labari ya kai Fagam, garin kawunsa. Sai ga Kawu Ɗanbala, ƙanen Inna, a kan babur, hula ta sha ƙura.

"An ce ka yi wa dangi akwati, ka sa wasu ka bar wasu," ya ce tun bai sauka ba. "Ni da na yi maka huɗuba a kunne, ni ne na waje?"

"Kawu, ai wayarka ƙarama ce mai tocila, manhajar ba ta hawa kanta."

"To a sa ni, in ya so ta hau daga baya."

Ka sa shi. Kujera kuwa sai an tashi wani, kuma a gidan Bahaushe ba a wahalar gano wanda za a tasa. Hadi ya dubi Ummussalma ya ce, "Ke naki ba yawa, zan zuba su cikin nawa. Duk abin da kike so ki tambaye ni." Ta ce to, Yaya. A ranta ba ta so ba, amma auta ba ta da majalisar kai ƙara.

Mataki na 3: Ka ƙirƙiri babban mabuɗi, ka hana kowa

Manhajar za ta ce ka haɗa kalmomi huɗu da ba su da dangantaka da juna, ka ƙara lamba da alama. Hadi ya yi nasa ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a kan tabarma a tsakar gidansu na Basirka. Inna tana bayansa tana ɓarar gyaɗa. Tun yana firamare yake da wata ɗabi'a da bulala ta kasa raba shi da ita: duk abin da hannunsa ke rubutawa, bakinsa yana binsa ƙasa-ƙasa.

Da ya gama sai Inna ta ce, "Yayansu, wannan ba za a ba ni ajiyarsa ba?" Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"Inna, wannan ba a ba wa kowa. Daga yau kin huta, an sauke miki kaya."

Ta ce, "To." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Idan tsohuwa ta ce maka "to" ba ta ƙara komai ba, ka ɗauka ka gamsar da ita. Binciken masana ya nuna haka, masanan da ba su da uwa a kusa.

Mataki na 4: Ka canza duk kalmomin zuwa abin da baki ba ya iya faɗa

Tsohuwar kalmar Ummussalma ta shafin makaranta sunan akuyarta ce da shekarar haihuwarta. Manhajar ta sa mata jan layi, ta ce rarrauna ce. Hadi ya danna, aka ba shi sabuwa mai harafi ashirin wadda ta yi kama da sawun kaji a kan siminti ɗanye. Haka ya bi na kowa ya canza, har da imel, na waɗanda ba su samu kujera ba ya zuba cikin nasa, har abin da Inna ta haddace ya zama tsohon kuɗi.

A nan dangi za su fara kiranka da sunayen da ba na yanka ba, ka daure. Za ka tsinci kanka kana karanta wa ɗan'uwa kalma a waya: "Ƙaramin ka, babban zed, sai wata alama kamar tsani, sai wata kamar wutsiyar biri. A'a, ba cewa na yi ka rubuta biri ba!" Za a riƙa aika lambar tabbatarwa zuwa wayar Kawu, wanda ke gonar riɗi inda babu sabis sai an hau dutse. Lambar tana mutuwa cikin minti biyar. Kawu kuwa sai ya gama nome kunya biyu, ya hau dutsen a natse, ya kira ka ya karanto maka ta jiya.

Mataki na 5: Ka ɓoye takardar ceto

Manhajar za ta ba ka wata takarda ta ranar da ka manta mabuɗi. Luke ya buga wa Hadi, ya ce ya sa a leda. Hadi ya ga leda tana jawo ido. Ya naɗe ta tsirara ya cusa a ƙasan tsohuwar adakar marigayi mahaifinsu, a ɗakin ajiyar da ba a buɗewa sai shekara-shekara.

Sannan ka saita wayarka ta riƙa buɗe akwatin da zanen yatsa. Ta haka za ka yi wata uku cur ba ka rubuta mabuɗin ko sau ɗaya ba, ƙwaƙwalwarka ta samu sarari ta yi wasu abubuwan.

Mataki na 6: Ka rasa wayarka a makon da ya fi kowane mako

Ranar Litinin saƙo ya shigo wayar Ummussalma: an ɗauke ta. Sharaɗi ɗaya ne, ta shiga shafin makarantar ta danna cewa ta karɓa, ta buga takardar, kafin ƙarfe huɗu na yammacin Alhamis. In ta wuce, a ba na bayanta. Ta yi kuka, ta yi dariya, maƙwabta suka shigo da guɗa. Hadi ya ce kada ta damu, gobe zai zo ya ɗauke ta su buga a shagon Luke.

Ranar Talata yana kan babur a hanyar Basirka, ya faɗa rami, waya ta zame daga aljihun gaba. Kafin ya juyo, tifa mai yashi ta bi ta kanta. Layin da ke ciki ma ya rabe biyu.

Ranar Laraba ya sayi wata wayar, ya sauke manhajar yana murmushi, domin ai don irin wannan ranar ya biya. Ta ce ya rubuta babban mabuɗi. Ya tuna akwai agwagwa a ciki. Bayan agwagwa sai farin fili.

Kada ka firgita, ka danna wurin da aka rubuta an manta. Za a aika saƙo zuwa imel ɗin da kalmarsa ke cikin akwatin. Imel ɗin zai aika lamba zuwa layin da tifa ta taka. Masu layi za su ce ka dawo Litinin. Sai ka tuna da adaka. Hadi ya buɗe ta ya tarar gara ta riga shi karanta takardar, ta bar masa kusurwa ɗaya mai ɗauke da kalmar "Muhimmi".

Mataki na 7: Ka gaishe ta tukuna

Alhamis, ƙarfe uku da rabi, a shagon Luke. Hadi ya cika takarda biyu da agwagwa gaba, agwagwa baya, riga ta jiƙe sharkaf. Ummussalma tana kan benci, ta yi kuka har ta gaji. Shekara uku ta yarinya ya kulle da hannunsa, don a ce ya waye. Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ta ɗauki wayarta ta kira gida. "Inna, ba zan samu ba. Ya manta." Ta saurara kaɗan, ta miƙa masa. "Ta ce a ba ka."

"Inna, wallahi na..."

"Ba ka gaishe ni ba."

Ya kalli agogon bango. Saura minti ashirin da biyar. "Ina wuni, Inna."

"Lafiya lau. Ya gidan? Ya matarka Jannat?"

"Tana lafiya, Inna, dama..."

"Yaran fa? Tarin ƙaramin ya sauka?"

"Ya sauka."

"Ya makaranta? An yi ruwa a wajenku? Mu nan shekaranjiya aka yi kamar da bakin ƙwarya."

Luke ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna rawa. Saura minti goma sha takwas. Hadi ya amsa ruwa, ya amsa gona, ya amsa gaisuwar surukarsa. Sannan Inna ta gyara murya.

"Sa hannunka a kan abin. Na farko, sunan da ba na faɗa."

"Wanne, Inna? Nawa ko na Baba?"

"Kai har wani suna gare ka? Na mai gidan nan, Allah ya ji ƙansa. Kuma ka ce da babban baƙi."

Ya rubuta Salihu.

"Sai langa. Sai agwagwa. Sai Talata. Sai tara da huɗu. A ƙarshe ka ce alamar tambaya."

Akwati ya buɗe. Luke ya fizge wayar Hadi, ya kwafi kalmar Ummussalma, ya shiga shafin makarantar. Saura minti tara na'ura ta turo takarda da sunan Ummussalma a sama. Ta rungume takardar tun tana da ɗumi, ta durƙushe a ƙasan shagon.

"Inna, a ina kika samu?"

"A bakinka. Sau uku ka faɗa, ina ɓarar gyaɗa. Ba ka ba ni ajiya ba, amma abu ya faɗi a tsakar gidana, sai na ɗauke." Sai ta ƙara da cewa, "Akwatin naka yana da kyau, Yayansu. Da can ku talatin da ɗaya kuna mantuwa, kullum sai na ji muryar wani. Wata uku ke nan wayar nan sai in duba ko caji ne ya ƙare."

Hadi ya miƙa wa Ummussalma wayarta. Ya fita bayan shagon ya daɗe yana gyaran hula.

Mataki na 8: Ka koyi mantuwa

Kada ka goge manhajar, tana da amfaninta, kuma Ummussalma ta samu kujerarta bayan an shawo kan Kawu da cewa an ɗaga shi zuwa uban akwati. Amma ka yi abin da Hadi ya yi. Yanzu ya haddace mabuɗin nan fiye da sunan unguwarsu. Duk da haka kowace safiya kafin ya shiga aji sai ya kira Basirka ya ce, "Inna, ya sake kuɓuce mini." Ya gaya wa sauran talatin ɗin su ma kowa ya nemo abin da zai riƙa mantawa. Inna ta san ƙarya suke yi. Ba ta taɓa nunawa ba, sai dai gaisuwar ta ƙara tsawo.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba shi da alhakin wayar da mota ta taka, ko takardar da gara ta ci, ko kawun da ya yi fushi, ko gurbin karatun da ya kuɓuce wa wanda ya bi matakai shida na farko alhali ba shi da mai ɓarar gyaɗa a bayansa. Duk mai ƙorafi kada ya neme ni, na manta kalmar imel ɗina. Ya kira Inna Mairama ta Basirka bayan la'asar, wayarta tana da caji. Ya gaishe ta tukuna.