Salansar da Ta Kore Mini Aure

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, kuma ba don ban yi ƙoƙarin mantawa ba. Da na fara samun sauƙi sai wani a ofis ya dube ni, fuskarsa ba dariya, ya ce, "Oga, yaya mashin?" Shi ke nan an mayar da ni baya.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a Jalingo, ina haya a Mayo Gwoi, kuma na daɗe ina hawan Keke zuwa sakatariya kamar kowa. Amma tun ina yaro nake da ciwon babban babur, irin na doguwar tafiya ɗin nan mai faɗin ƙirji da gilashi a gaba. Ranar da na ga wani ɗan Kwatano an kafa shi a kasuwa, hankalina ya bar jikina. Na tattara duk abin da na mallaka na saya. Ba sabo ba ne, wani Bature ya riga ya cinye ƙuruciyarsa, amma ni ko a jikina. (Uwata da ta gan shi cewa ta yi, "Wannan ai akwatin gawa ne mai taya." Na ce mata Mama ba ki san zamani ba.)

Da na bar shi yadda ya zo, da yanzu ina da mata. Shiru gare shi, injin yana gurnani ƙasa-ƙasa, ko maƙwabcina bai san lokacin fitata ba. Sai na faɗa hannun wasu 'yan uwa masu irin ciwona, waɗanda muke haɗuwa ranar Lahadi bayan coci. Su suka ce mini babur ba ƙara ai keke ne. Suka ja ni wurin wani makanike a Kachalla Sembe, Oga Sunday, mutumin da bai taɓa ce wa kwastoma a'a ba. Ya canza mini tayoyi, ya ƙara fitilu, ya ɗaura akwatunan gefe. Ni kuma na sayi baƙar jaket da baƙar hular kwano mai baƙin gilashi. Sai muka zo kan salansa. Ya cire ta asali ya sa wata gajera, wadda in ka murɗa totur ka saki sai ta yi tas, tas, tas.

"Oga," in ji Sunday, yana goge hannu, "wannan in ka shiga unguwa, ko kurma zai san ka zo."

Na ɗauka yabo ne.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin babur ɗin nan. In na fita da sassafe na kama hanyar Wukari, duwatsu suna baya, iska tana dukan ƙirjina, sai in manta da darakta da fayil da kuɗin haya. A rayuwata ban taɓa mallakar abin da mutane ke juyowa su kalla ba sai shi. Girman kai ya shige ni, na kuma ba shi wurin zama.

To, akwai Rahila. Nas ce a wani asibiti a gari, tana waƙa a cocinmu, kuma na daɗe ina binta kafin ta yarda ta saurare ni. Mahaifinta dattijon coci ne a wani ƙauye bayan Mutum Biyu, mutum mai wuyar sha'ani. An daɗe ana lallashi kafin ya amince mutanena su zo gaisuwa a yi maganar aure. Aka sa Asabar. Rahila ta riga mu tafiya don ta taya aiki, kuma kafin ta shiga mota ta ce mini, "Ka zo tare da Kawu a mota. Ka bar abin nan a gida."

Na ce, "Don me?"

Ta ce, "Mutanenmu ba sa son ƙara."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Na san an taɓa kai wa ƙauyensu hari, na san a nan ta rasa wanta Yohanna, don ta taɓa gaya mini sau ɗaya ba ta sake ba. Na sani, amma kan nan nawa bai haɗa wannan da wancan ba. Abin da na fassara shi ne tana jin kunya kar a ce ta kawo ɗan acaɓa. Sai na ƙudura zan nuna musu bambancin acaɓa da babur. (Ku lura, babu wanda ya tambaye ni.)

Ranar Asabar Kawu, ƙanen mahaifiyata, tsohon hedimasta, ya shiga motar haya da gwaggonina da kayan gaisuwa. Ni kuwa na gayyato biyu daga cikin abokan hawa don a yi mini rakiya. Kafin Mutum Biyu muka wuce motar Kawu, har ina ɗaga masa hannu. Muka sauka daga kwalta muka kama hanyar ƙasa.

A bakin ƙauyen akwai gungume a kwance rabin hanya da wata 'yar rumfa. Daga baya na ji dokar garin: duk mai mashin sai ya tsaya a nan, ya kashe inji, ya nuna fuskarsa ga 'yan banga. A ranar 'yan bangan sun tafi gidan su Rahila cin abincin da aka dafa domina. Muka kauce wa gungumen muka wuce, mu uku, baƙi wuluk, ba mai ganin fuskar kowa. Da na hango rumfar taro sai na ce bari in yi sallama irin ta manya. Na murɗa totur har ƙarshe na saki. Abokaina suka taya ni.

Muka tsaya a ƙofar gida, ba kowa. Kujerun roba a kife, takalma a warwatse, tukunyar shinkafa tana tafasa ita kaɗai, lasifika tana ta rera waƙar coci. Na cire hular kwano, na gyara gashi, na ce, "Salama, ina masu gida?"

Amsar ta zo daga bayana. "Kwanta."

Maharba ne da 'yan banga, da bindigogin gargajiya. Muka kwanta rub da ciki a cikin ƙasa. A haka motar Kawu ta iso ta same ni, angon gobe, baki cike da yashi, wani ya taka mini wuya. Kawu ya fito da farar rigarsa ya durƙusa yana rantse-rantse cewa ɗan yayarsa ne, wawa ne kawai, ba ɗan ta'adda ba. Ban taɓa jin daɗin a kira ni wawa ba sai ranar.

A hankali mutane suka fara fitowa daga gonakin dawa, da ƙaya a zannuwa, yara suna kuka. Sai ga maza biyu ɗauke da mahaifiyar Rahila. Ta faɗa rami wajen gudu, ƙafa ta karye.

Mahaifin ya zo ya tsaya a kaina. Gajeren mutum ne, kuma bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Kai ne mai neman Rahila?"

"Ni ne, Baba."

"Ranar da aka kashe Yohanna, haka suka shigo."

"Baba, ku yi haƙuri, ban sani ba."

"Ka sani," in ji shi da Hausarsa ta ƙauye. "Rahila ya ce ya gaya maka."

Ya juya wurin Kawu. "Malam, ku ci abinci, an riga an dafa. Maganar da ya kawo ku, ba yau ba. Ku ba mu motarku a kai mamansu asibiti. Mashin kuma ba za a tada shi a garin nan ba."

Don haka turawa muka yi. Wanda bai taɓa tura irin babur ɗin nan a cikin yashi ba, da akwatuna, da jaket, rana a tsaka, bai san nauyin abin da ya saya ba. Mutanen gari suka tsaya gefen hanya suna kallo, kuma babu wanda ya yi dariya. Na yi ta addu'a wani ya yi, don in samu wanda zan ji haushi ban da kaina. Sau biyu babur ɗin ya kwanta, na ɗaga shi ni kaɗai. Wata tsohuwa ce kawai ta yi magana da na zo wucewa, ta ce, "Allah ya ba ka hankali, ɗana." Na ce amin.

Na yi ta zuwa asibiti da lemo da ayaba. Maman Rahila ta karɓa, har ta ce ta yafe. Rahila ce ta tare ni a baranda wata rana, da kayan aikinta a jiki.

"Na san kai ne kake zuwa," ta ce. "Tun safe nake sauraron hanya. Amma da na ji ƙarar nan, ni ce na fara gudu. Na bar Mama a baya, ban ko waiwaya ba."

Sai ta ƙara da cewa:

"Ba fushi nake da kai ba. Amma duk sanda na gan ka, abin da nake tunawa ke nan. Ba zan iya tashi da shi kowace safiya ba."

Ta yi aure bara. Ina cikin cocin, a layin baya, na tafa tare da kowa, kuma ya yi mini zafi sosai.

Abin da na koya shi ne, in za ka je neman abu a gidan mutane, ka fara tambayar abin da suke tsoro kafin ka nuna musu abin da kake da shi. Na koya, na kuma haddace. Sai dai yanzu ba ni da gidan da zan kai wannan ilimin.