Rasuwar Siririya, Sandar Fatsar Hatano Mai Awara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama da ya rasa abin riƙewa tun ranar Talatar makon jiya, Hatano Shigeharu mai awara yake sanar da 'yan uwa, da abokan kwalekwale, da duk wani kifin bas, mai babban bakin nan, da ke Tafkin Biwa, rasuwar sandar fatsarsa, Siririya. Ta riga mu gidan gaskiya bayan shekara goma sha tara a hannunsa. Tsawonta ƙafa shida da inci takwas kafin abin da ya faru, ƙafa shida da inci ɗaya bayansa. An ce kifayen sun ɗauki labarin da haƙuri matuƙa.

Marigayiya ba ta taɓa aiki da tana ta gaske ba. Tanar roba ce sana'arta, irin mai laushin nan da ake soka wa ƙugiya a jefa ta kwanta a ƙasan ruwa, kuma masu abin sun san ba aikin kowace sanda ba ne. Kifi ba ya kai wa roba cafka yadda yake kai wa koton ƙarfe, wanda ko da sandar shanya kake riƙe za ka ji. Tsotsa yake yi a hankali, ya ɗanɗana, ya gane an raina masa hankali, ya tofar, duk kafin ka gama hamma. Saboda haka ake neman sanda mai tsinin da ke kai rahoto nan take, mai ƙugun da ba ya lanƙwasa idan an zo soka ƙugiya. Samun mai hali biyun nan a jiki ɗaya wuya gare shi, ko a cikin mutane.

Yadda aka zaɓe ta sananne ne a unguwa, domin Shigeharu ya ba da labarin ga duk wanda ya taɓa tsayawa sayen awara. Lahadi huɗu a jere yana zuwa shagon Gwaggo Okabe mai kayan su, ya ɗauki wannan sanda ya girgiza, ya ɗauki waccan ya girgiza, ya yamutsa fuska kamar likita, ya fita bai sayi ko dalma ba. A Lahadi ta huɗu haƙurin Gwaggo ya ƙare.

Ta ce, "Mai awara, girgizar nan ba abin da take gaya maka sai cewa kana da hannu. Je ka samo mini mutum mai surutu."

Bai yi dogon nema ba. Abokinsa Yabuki Genzo ya shekara talatin yana sanar da zuwan jirgi da tashinsa a tashar jirgin ƙasa, kuma ko bayan an tashi aiki bakinsa ba ya karɓar hutu. Murya gare shi da ake ji daga wannan gaɓar tafki zuwa waccan. Ya kori kifi da ita ba adadi, yana kuma alfahari da hakan.

Gwaggo ta tsayar da Genzo a ƙarshen shago, ta ɗora tsinin sanda a kan maƙogwaronsa, ta ce wa Shigeharu ya riƙe mariƙin ya rufe ido. Sandar da za ta iya kawo motsin maƙogwaro har tafin hannu, in ji ta, ita ce za ta iya kawo tsotsar kifi daga ƙasan ruwa. Genzo ya gyara tsayuwa ya fara sanar da jirgin da zai tsaya a layi na biyu. Aka gwada sanda ta farko, ta biyu, har ta goma sha uku. Da jiragen suka ƙare masa sai ya koma zagin mai saye, da iyayen awararsa, da hular da yake sawa. A ta goma sha huɗu ya gaji, ya sauke murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Shige, awararka ruwa ce zalla."

Shigeharu ya buɗe ido. Ya ce zagin ya shigo ta tafin hannunsa ya hau har gwiwar hannu, bai zube ko kaɗan a hanya ba. Ya ce a naɗe masa ita.

Halayen marigayiya na ƙwarai sun fi a lissafa. Tana bambanta tsakuwa da laka, da laka da ciyawar ruwa, da ciyawar ruwa da leɓen kifi. Ba ta taɓa yin ƙarya ba, ko da yake mai ita ya sha yi a madadinta. Ba ta da yawan magana. Idan an wurga ta takan ce "fiuu", idan kifi ya taɓa roba takan ce "tik" a cikin hannu, yadda ba mai ji sai wanda ke riƙe da ita. Akwai shekarar da suka yi fita arba'in da ɗaya a jere ba su kama ko ɗan tsako ba, ba ta taɓa ɗora masa laifi ba, alhali shi ya ɗora wa iska, da wata, da gwamnati. Babban kifin da ta kama santimita hamsin da takwas ne ranar da aka auna shi, kuma tun daga lokacin yana ƙara santimita biyu kowace shekara.

Ba a ce ba ta da rauni ba. Ta taɓa kamo lema, da sirdin keke, da hular Genzo sau biyu, ɗaya daga ciki da gangan. An kuma taɓa samun yanar gizo-gizo a tsininta wata safiya da silin ɗin falo ya wayi gari fes. Uwargidan Shigeharu, Fumie, ta musanta har yau, kuma iyali sun yanke shawarar kada a tona zancen a lokacin makoki.

Ajalinta ba cuta ba ce, amma bayaninsa sai an biyo ta kan cutar wani. Bara likitoci suka sami ciwo a maƙogwaron Genzo, suka cire abin da ya kamata a cire, muryar ta tafi tare da shi. Suka ba shi wata na'ura mai girman tocila, wadda idan ya danna ta a wuya ya motsa baki magana take fita, sai dai da ƙarar injin aski. Sau ɗaya ya gwada ta a bainar jama'a, a bakin gadar kwalekwale. Mutane suka waiwayo, wani ya yi dariya ba da nufin komai ba. Mutumin da ya shekara talatin dubban fasinja suna bin umarnin muryarsa ya koma gida ya jefa na'urar a durowa. Tun daga ranar sai ɗan littafi da fensir, kuma wata takwas bai taka bakin tafki ba.

Ranar Talatar nan ce Shigeharu ya yi nasarar jawo shi, bayan naci da ya kusa zama rashin kunya. Sun wuni a ruwa, ba su kama komai ba, kuma Shigeharu ya rantse bai yi wuni mai daɗinsa ba cikin shekara guda. Da la'asar suka dawo wurin mota. Ya zura Siririya a baya, ta zame, tsininta ya leƙo waje kamar taƙi ɗaya. Shi kuwa ya juya baya yana zuba, domin tun da abokinsa ya yi shiru ya ɗauki nauyin surutun mutum biyu. Genzo yana taku goma daga nan, akwatin ƙanƙara a rungume da hannu biyu. Ya ga tsinin, ya ga hannun Shigeharu ya kai kan ƙofa, ya buɗe baki iya buɗewa. Iska ce kawai ta fito.

Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce "ƙas".

Sun daɗe tsaye a kan guntun inci bakwai ɗin da ke ƙasa. Daga nan Genzo ya ajiye akwatin, ya ciro littafinsa ya rubuta, "Na gani." Ya yage takardar ya miƙa, ya sunkuyar da kai, ya nufi tasha da ƙafa. Bai sake buɗe ƙofarsa ba. Matarsa ta ce abin da yake rubutawa ke nan, wai shi ya kashe Siririya.

An kafa kwamitin bincike a kan teburin cin abinci, Fumie ce shugaba.

"Baban Yuko, wa ya rufe ƙofar motar?"

"Ai kin san yadda iskar bakin tafki take..."

"Wa ya rufe ƙofar?"

"Ni ne."

"To. Sandarka ta mutu, mun ji, mun yi maka ta'aziyya, kwana shida ke nan kana shan miya kana huci. Shi kuma wancan da yake raye fa, sai yaushe?"

Ta taɓa wa Shigeharu inda ke ciwo. Gaskiyar maganar tsoro yake ji. Sanda ana sayar da ita a shago. Amma shekara arba'in da shida yana da mai zaginsa, kuma ya san halin mutumin: idan kunya ta rufe masa ƙofa a wannan karon, ba lallai ya sake buɗewa ba. Sau uku yana kai awara ƙofar gidan ya ajiye. Sau uku farantin yana dawowa a wanke tas, babu ko rubutu. Shigeharu ya ce a rayuwarsa ba a taɓa yi masa wulaƙanci irin na farantin nan ba, a ci awararsa a kasa kushe ta.

Marigayiya ta rasu ta bar injin naɗe zare guda ɗaya, wanda tun ranar bai juya ba. Ta bar tanar roba wajen ɗari uku a akwati, marayu, wasu ba kai, wasu sun narke sun manne da juna saboda zumunci. Ta bar ƙannenta sanduna biyu da ke jingine a bayan firiji, waɗanda mai gidan bai taɓa ƙauna ba kuma sun sani. Ta bar ragar ɗebo kifi, sabuwa fil don rashin aiki. Ta kuma bar tsofaffi biyu.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi a haikalin kan tudu, inda ake yi wa tsofaffin allurai da alƙaluma addu'ar sallama. Malamin haikali ya yarda ba musu, ya dai tambaya ko za ta ƙonu. Da aka ce masa ba gora ba ce, hayaƙinta zai tashi unguwa, sai aka daidaita a kan akwatin katako. Guntun inci bakwai zai koma gida ya zauna a kan kantar falo. Masu zuwa su sa hular su, su zo da turaren tsinke, kada a kawo furanni. Ana roƙon jama'a, don girman mamaciya, kada kowa ya faɗi girman kifin da ya taɓa kamawa har a watse.

Daga haikali za a wuce kai tsaye shagon Gwaggo Okabe don zaɓen magajiya, kuma a nan ne ake da matsala. Ana bukatar maƙogwaro. Fumie ta ba da nata, aka gode mata, ta ce dama ba da gaske take ba. Malamin haikali ma ya yi tayi. Shigeharu ya ƙi ƙememe. Ya ce ba zai sayi sandar da Genzo bai zage shi ta cikinta ba, ko da manyan kifayen bazara za su shigo gaɓa su fita yana zaune a gida yana tace waken suya. Gwaggo Okabe, wadda yanzu ta haura tamanin, ta ce ita ma jira take. Ta ce maƙogwaro mai injin da ke kaɗawa ba ya gajiya, irinsa take nema tun da ta buɗe shago, kuma idan ya zo duk sandunan da ke rataye sai ta gwada a wuyansa.

Saboda haka aka rubuta a kwafin farko na wannan sanarwa cewa ba za a ɗaga gawa ba sai Yabuki Genzo ya iso da na'urarsa, da sabon batir a ciki, ko da za a kai makon gaba ana jira. Jiya Shigeharu ya kai kwafin ƙofar gidan, ya danne shi da farantin awara na huɗu.

Yau da hantsi, yana tsakiyar yankan awara, wayar shago ta yi ƙara. Ya ɗauka da jiƙaƙƙen hannu. Da farko bai ji komai ba sai numfashi, sannan wata ƙara ta taso kamar an kunna injin aski a cikin gwangwani.

"Shige."

"Wa ke magana?" in ji Shigeharu, alhali ya riga ya zauna a kan buhun wake.

"Awararka ruwa ce zalla. Ƙarfe nawa ne?"

Ƙarfe goma ne na safe, a haikalin kan tudu. Za a raba koren shayi da soyayyar awara bayan addu'a. Masu zuwa da mota su duba baya kafin su rufe ƙofa.