Ganuwar da Na Nuna wa Kumandan

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da Nasara suka fara yanka hanyar mota ta Matameye. Kowane gida sai ya ba da namiji ɗaya ga aikin dole, sunana kuwa yana cikin masu fasa marmara (ni da ko buta na ɗauka sai na huta sau biyu).

Ana haka sabon kumandan ya iso daga Damagaram, Bature mai son tsofaffin wurare. Tafintansa ya yi cigiyar wanda ya san tarihin gari, ya ce duk wanda ya gamsar da baƙo an yafe masa aikin hanya. Bai rufe baki ba na miƙe.

Na kai Baturen tsohuwar rijiya, ya leƙa. Na kai shi marina, ya toshe hanci. Na nuna masa kukar da ayarin fatake ke sauka tun zamanin kakanni, sai ya yi hamma. Tafinta ya raɗa mini: "Ganuwa yake so, irin ta Birnin Damagaram. In babu, gobe kana bakin marmara."

Nan na tuna da wata rusasshiyar katanga a bayan gari. Na san ta sarai, na kuma san mai katangar ta tafi biki Kance.

"Ranka ya daɗe, ragowar ganuwarmu ke nan," in ji ni. "Shekararta ɗari bakwai. Mayaƙa dubu goma sun yi wata uku suna dukanta, ko tsagewa ba ta yi ba." Bature ya fiddo littafi yana zanawa, har yana shafa ƙasar a hankali.

Sai na ji gyaran murya a bayana. Iya ce, surukata, da ƙwarya a ka. Ashe an ɗaga bikin. Na tuɓe takalmi na durƙusa, gumi har cikin kunne. Ko kallona ba ta yi ba, tafinta ta fuskanta.

"Malam, gaya wa baƙo, bara waccan mijin 'yata ya gina mini ita. Ruwan farko ta faɗi, ta danne mini akuya. Har yau ina jiran a tayar."

Na roƙi tafinta da ido. Bawan Allahn nan ya fassara kaf, har da akuyar.

Kumandan ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Da ya samu numfashi ya yi magana, tafinta ya juyo: "Ya ce mutumin da gininsa bai kai damina ɗaya ba, kada ya kuskura ya taɓa masa hanya."

Haka na tsira. Ƙartin unguwa suka yi wata biyu suna fasa marmara, ni ina inuwa ina ba da labarin yadda na sa Bature ya zana aikin hannuna a littafi (katangar dai na tayar da ita, Iya na zaune tana lura da kowane tubali).

Tun daga ranar, kafin in ƙara wa gini shekaru, sai na leƙa da kaina na tabbatar mai shi ba ya gari.